Yarona ya shiga wata 5 allurar cinya ɗaya kawai aka yi mashi, sai mun sake daga farko?

Sabuwar_Uwa

Assalamu alaikum 'yan uwa barkanmu da war haka. Don Allah masu sani ku taimaka min kaina ya ɗaure. Haihuwar fari ce, na je wankan gida ƙauyenmu can bayan Mirya wajen mamata, an yi wa yaron lamba ta hannu da ɗigon baki a satin suna, bayan arba'in muka koma aka yi mashi ta cinya aka rubuta mana ranar dawowa cikin karne, wato katin allurar yaro. To daga nan abubuwa suka cakuɗe, aka yi mana rasuwa, na dawo gari, yaron kuma ya yi ta mura da tari, yau gobe yau gobe ga shi har ya shiga wata 5 ban koma ba. Maƙwabciyata ta ce in na je sai an sake daga farko tunda ta farkon ta lalace, kuma wai madam ɗin za ta wanke ni tas gaban mutane. Surukata kuma ta ce ai masu bi gida gida sun zo sun ɗiga mashi har sun shafa mashi baƙi a ɗan yatsa, shi kenan an gama a bar wahalar da yaro, ita abin da ya tsaya mata wancan karon cinyar ta kumbura ya kwana yana tsala kuka jiki zafi rau.

To wanne ne gaskiya? Kuma don Allah wanda ya san tsarin ya faɗa min tun daga haihuwa har ƙarshe allura nawa ce kuma yaushe yaushe, don rubutun cikin karnen nan ni dai ba na gane shi, Penta ne VAR ne duk da faransanci. Akwai kuma ɗiyar ƙanin maigidana a gidanmu shekara ɗaya da rabi, an yi mata ta wata 9 uwarta ta ce sun sauke. Sannan mu manya fa, akwai wadda ake mana ko sai mai ciki da mai tafiya Makka?

Ɗan Zango

Wa alaikumus salam. Baiwar Allah gobe da sassafe ki goya shi ki tafi, ba a sakewa daga farko, matata ta yi irin haka da ta biyunmu daga inda aka tsaya aka ɗora. Faɗan madam kuwa ki shanye, minti nawa ne. Ni tun abin da ya faru a Matamaye da Kance a 2023 lokacin mashaƙo na daina wasa da maganar nan, ina zuwa can ɗaukar kaya na ga yadda hankalin mutane ya tashi, yaro lafiya lau sai maƙogwaro ya toshe wuya ya kumbura. Kuma aka ce mana rigakafinsa yana cikin wannan ta cinyar da ake raina wa.

Tanti Mai Allura

Ƙanwata sannu da jego, Allah ya raya. Aikina ke nan shekara da shekaru a CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, bari in warware maki a hankali, ki yi haƙuri da tsawon rubutu.

Na farko maƙwabciyarki ba ta faɗi daidai ba. Allurar da aka yi ba ta lalacewa don an makara, jiki yana riƙe da ita, in kin zo za mu duba karne mu ga an yi Penta 1 sai mu yi mashi ta 2 a ranar, mu ba ki sati 4 ki dawo ta 3. Abin da ba a yi shi ne matse su, wato tsakanin ɗaya da ɗaya kada ya gaza sati 4, amma wucewa ba ya ɓata komai illa dai duk kwanakin nan yaron yana zaune da kariya rabi da rabi, shi ne abin tsoron ba faɗanmu ba. Mura da ɗan tari ko ɗan zawo ba sa hana allura, wannan ne ya fi ɓata mana aiki wallahi, uwa ta ce sai ya warke, yaron Damagaram kuwa lokacin hunturu yaushe hancinsa ya taɓa bushewa. Sai in jikin ya yi zafi sosai ko yana kwance magashiyan ne muke cewa a yi magani tukun.

Tsarin kuwa ga shi yadda muke yi. Ranar haihuwa ko cikin kwanakin farko BCG, ita ce lamba, ta tarin fuka, tare da ɗigon shan inna na farko. Wurin lambar bayan 'yan makonni zai yi ɗan ƙurji ya fashe ya bushe ya bar tabo, kada a matse kada a sa mashi toka ko man shafawa, haka take. Sai sati 6, ni yadda nake gaya wa mata kwana biyu bayan kin yi arba'in, tunda 42 ke nan, ba wadda ke manta arba'in ɗinta. Sai sati 10, sai sati 14. A waɗannan zuwa ukun ake yin Penta, allura ɗaya ce mai cuta biyar a ciki: mashaƙo, tarin shiƙa, tetanos, ciwon hanta nau'in B, da wata ƙwayar cuta da ke kawo ciwon haƙarƙari da wani irin sanƙarau na jarirai. Ɗaya cinyar kuma Pneumo, ita ma ta ciwon haƙarƙari ce, sai ɗigon shan inna kowane zuwa, da ɗigon Rota na zawon nan mai zube yaro dare ɗaya. A sati 14 ana ƙara ta shan inna ta allura, VPI za ki ga an rubuta. Rota ita ce ma dalilin da zan ce kada ki ƙara ko sati, don ta ƙananan jarirai ce ba a son a ja ta.

Daga nan ki huta, wata 6 ki kawo shi awo a ba shi bitamin A. Wata 9 babbar rana ce, VAR ta baƙon dauro, VAA ta shawara, da ta sanƙarau. Sai kuma wadda kowa ke mantawa, baƙon dauro ta biyu wajen wata 16. Ɗiyar ƙanin mijinki ba su sauke ba, ki gaya wa uwarta ta biyo ki ku zo tare tun yarinyar ba ta cika shekara 2 ba. Dalilin ta biyun, a wata 9 ba duk yara ne allurar ke kamawa ba, cikin 100 wajen 15 ba ta kama su, kuma ba a gane su da ido sai baƙon dauro ya shigo unguwa lokacin zafi ki ga yaron da aka yi wa ya kwanta, mutane su ce ai allurar banza ce. Ta biyun don waɗannan ake yi. In kin ce to me ya sa ba za a yi tun yana wata 3 ba, saboda jariri yana fitowa da kariyar da ya samo daga jinin uwarsa kuma ita wannan kariyar tana kashe ƙarfin allurar, sai ta ja baya tukun.

Maganar Hajiya surukarki kuwa, ki bi ta da lalama amma ba haka ba ne. Masu bi gida gida ɗigon shan inna ne a hannunsu, wani lokacin da bitamin A da maganin tsutsar ciki, ba su ɗauke da Penta ba sa rubuta komai a karne. Ƙari ne a kan na likita, a karɓa duk zuwan da suka yi ko sau nawa ne ba ya cutarwa, amma baƙin yatsa ba ya hana mashaƙo. Kumburin cinya da zafin jiki na kwana ɗaya ko biyu kuma an saba gani bayan Penta, ki ba shi nono sosai, ki rage mashi kaya, ki tambayi wadda ta yi allurar awon siron parasetamol daidai nauyinsa, kada a gasa wurin da ruwan zafi kada a murza. In ya wuce kwana biyu, ko ya ƙi nono, ko ya yi jijjiga, a dawo da shi nan take ko dare ne.

Tsarin yana samun ƙari lokaci lokaci, shi ya sa ranar da aka rubuta maki a karne ita za ki bi ko da ta ɗan saɓa da abin da na lissafa. Kuma kyauta ne, ba a biyan ko dala.

Malam na Sabon Gari

Tanti mun gode da bayani amma ku ma ku ji namu. Kullum laifin uwaye ake gani. Iyalina ta kai yaro ta wata 9 tun da hantsi, ta biya kabu-kabu zuwa da dawowa ta bar girki ta bar sana'arta, ta zauna a benci har rana ta take sannan aka ce yau ba a buɗe kwalba sai wani satin, ta koma aka ce mai makullin firigo ba ya nan. Mace in aka yi mata haka kina ganin za ta sake komawa da daɗin rai? Sannan ni tambayata ba allurar nan ta yi yawa ba kuwa? Mu a zamaninmu lamba ɗaya aka yi mana a makaranta ga mu nan garau, yanzu jariri ɗan sati 6 a huda wannan cinya a huda waccan a ɗiga wannan a ɗiga wancan, jikin nasa nawa yake.

Tanti Mai Allura

Malam wannan ƙorafin naka gaskiya ne ba zan kare mu ba, mai makulli ba shi da hujja. Maganar kwalba kuwa ga yadda take. BCG da ta baƙon dauro da ta shawara gari ne a kwalba sai an dama da ruwansu, kwalba ɗaya ta yara 10 ce, BCG ma 20, kuma da zarar an dama awa 6 ne, abin da ya rage zubarwa ake. Shi ya sa wurare da yawa suke ware masu rana ɗaya ko biyu a sati don yara su taru. Penta da Pneumo ba su da wannan matsalar tunda ruwa suke zuwa. To dabara ita ce kafin a fita a tambayi rele, wato mai faɗakarwa kan lafiya na unguwa, ko a tambaya a ƙofar CSI ɗin wace rana ce ta wata 9, a je da wuri. Amma a ƙa'ida ba a so a kori uwa a ce yaro ɗaya bai isa a buɗe kwalba ba, asarar ragowar kwalba ta fi sauƙi a kan yaron da ba zai dawo ba, in an yi maku haka ku nemi majo, shugaban CSI ɗin, ku gaya mashi.

Yawan allura kuma Malam, ka ce ga ku nan garau, Allah ya ƙara lafiya, amma ka tambayi Inna cikin nawa ta yi kuma nawa suka rayu. Waɗanda baƙon dauro ya ɗauka ba sa cikin hirar nan. Alluran sun ƙaru ne don an samo na cututtukan da da babu, Penta a 2008 ta shigo Nijar, Pneumo da Rota a 2014. Jaririn da ke rarrafe a tsakar gida yana kai ƙasa baki, abin da jikinsa ke karo da shi a wuni ɗaya ya fi na cikin sirinji nesa ba kusa ba. Kuma haɗa su rana ɗaya don a rage wa matarka kuɗin kabu-kabun nan ne da kake magana.

Ɗan Zango

Tanti ta cizon sauro fa? Mu da damina ana zuwa ana ba yara wasu ƙwayoyi wata wata, ita ce rigakafin palu ɗin da ake faɗa a rediyo?

Tanti Mai Allura

A'a abu biyu ne. Ƙwayoyin damina CPS ke nan, magani ne ake ba 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, na farko a gaban mai rabawa sauran kwana biyun uwa ta ba da a gida, ƙarfinsa wata ɗaya ne shi ya sa suke dawowa. Allurar palu daban take, a 2024 aka ƙaddamar da ita a Gaya cikin jihar Doso, ana yin ta sau 4, ka tambaya a CSI ɗinku. Ko an yi wa yaro ita ba a ajiye gidan sauro, rage tsananin ciwon take ba ta hana shi ɗungurungum.

Hajiya ta Birni

Salamu alaikum, jikata ce ke rubuta min ina faɗa. 'Yata mai tambaya, ki kai ɗanki, surukarki in ta yi magana ki ce awo za ki, ai ba ƙarya kika yi ba tunda za a ɗora shi a sikeli. Mu mun ga baƙon dauro ganin idonmu, yara a jere a ɗaka an rufe ƙofa an hana su ruwa wai kada ya koma ciki, wanda ya tashi wani ido ya tafi wani kunne. Allah kada ya maimaita mana.

Ta manya da kika tambaya, ni dai da za mu sauke farali sai da aka yi mana ta sanƙarau da ta shawara aka ba mu katin nan ruwan ɗorawa, aka ce a riƙe shi tare da fasfo. Wata da muka tafi tare ta tsaya sai jirgi ya kusa ta je, aka ce mata ai sai allurar ta kwana 10 a jiki kafin a shiga ƙasar, ranar ta ga tashin hankali. Duk mai niyya bana ko Umara ce ya yi da wuri.

Tanti Mai Allura

Hajiya ina gaisuwa, kin faɗi daidai. Saudiyya tana neman ta sanƙarau mai nau'i huɗu, A C W Y, aƙalla kwana 10 kafin isa, kuma ita tana ƙarewa, shekara 3 ko 5 gwargwadon irin da aka yi maki, don haka wanda ya je da daɗewa sai ya sake. Ta shawara kuwa sau ɗaya ce har abada, da can shekara 10 ake cewa amma tun 2016 aka mayar da katin na tsawon rai, kada wani ya ce maki ya mutu ki sake biya. Ki adana shi kawai.

Tunda an taɓo sanƙarau bari in ƙara, don mu nan cikin yankinsa muke, daga sanyi ya fara ja iska da ƙura su taso har zuwa faɗuwar ruwa. Babban kamfen ɗin 2010 da 2011 da aka yi wa 'yan shekara 1 zuwa 29, da wadda aka fara yi wa yara a wata 9 daga baya, duk na nau'in A ne kuma ta yi aiki, A ɗin ya kusan ɓacewa. Amma wanda ya yi ɓarna a Yamai a 2015 nau'in C ne, haka wanda ya taso mana nan jihar ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023 wajen Dungas da Magariya da Matamaye da Mirya har cikin gari. To mutum ya ce ai an taɓa yi min ba zan fita kamfen ba, bai san ba iri ɗaya ba ne. A 2024 an fara aiki da wata sabuwa mai nau'i biyar a Najeriya da nan Nijar. In aka yi shela aka faɗi shekarun da ake nema kuma kana ciki, babba ne kai ko yaro, ka fita.

Ƙanwata ke kuma taki ta tetanos ce, ki duba karnen awonki na ciki za ki ga VAT ko Td. Mata suna ɗauka ta ciki ce kawai, alhali guda 5 ce: ta farko ranar fara awo, ta biyu bayan sati 4, ta uku bayan wata 6, ta huɗu bayan shekara, ta biyar bayan wata shekarar. Biyu suna riƙe ki wajen shekara 3, in kin cika biyar kin gama har ƙarshen haihuwarki. In biyu aka yi maki da cikin nan to ta ukun ta yi ko ta kusa, ba sai kin jira wani cikin ba, ki zo da karnenki ranar da za ki kawo shi a yi maku tare, ba ta hana shayarwa. Amfaninta ba ke kaɗai ba, jaririn da aka yanke wa cibi da tsohuwar reza ko aka sa wa cibin wani abu, kariyar uwa ce ke tsare shi, in babu sai ki ga wajen kwanan suna ya daina kama nono baki ya ƙulle jiki ya sandare, kuma da wuya su tashi.

Maza su ne ba ruwansu da likita sai an ɗauko su. Maigidanki in ƙusa ta soke shi ko ƙarfe ya yanke shi ko ya faɗi da babur ya ƙuje, ba toka da bakin mai ba, ya wanke da sabulu ya zo a duba ko yana buƙatar ta tetanos, musamman manoma da makanikai da mahauta. Cizon kare kuwa ko yaƙushi ne a wanke da ruwa da sabulu minti 15 a taho a ranar, ba a jiran a ga ko karen zai haukace, in alamun suka fito babu magani. Sai ciwon hanta B, duk wanda aka haifa kafin 2008 bai samu ta yara ba kuma cutar tana da yawa a cikinmu, mutum yana yawo da ita bai sani ba. Ana fara gwajin jini, in babu sai a yi allura 3, yau, bayan wata 1, sai a wata na 6. Wannan kam ta kuɗi ce ga manya.

Sabuwar_Uwa

Tanti Allah ya saka da alheri ya jiƙan mahaifa, na gode kowa da kowa. Mun je yau, an yi mashi ta biyu cinya biyu da ɗigo, ni ma an yi min tawa a hannu har yanzu ya yi tsami. Faɗan ma ba wani mai yawa ba, cewa kawai ta yi ina kika shiga, ta rubuta min ranar dawowa da jan biro na sa a waya ta tuna min. Hajiya ta Birni dabararki ta yi, awo na ce. Saura matsala ɗaya, uwar yarinyar nan ta yarda za ta kai ta amma an nemi karnenta sama da ƙasa babu, wai tun da ruwa ya shiga ɗakinsu da damina. Za a karɓe ta haka?

Tanti Mai Allura

Za a karɓe ta. Ta koma inda aka yi mata ta wata 9 ɗin in da hali, sunanta yana cikin babban rajista, ta faɗi sunan yarinya da na uwa da unguwa da watan da aka haife ta, in ba ta riƙe watan ba ta ce kafin azumi ne ko bayan babbar salla za mu lalubo, sai a yi mata sabon kati. In can ɗin ya yi nisa ta je mafi kusa ta yi bayani, za a duba tabon lamba a hannu a yi mata tambayoyi a yi mata ta biyun, ko da a ce an taɓa yi ƙarin ba ya cutarwa. Ta tambayi ranar baƙon dauro tukun kada ta yi zuwan banza irin na iyalin Malam. Ke kuma ki ɗauki hoton kowane shafi na naku da waya yau ɗin nan, karnen ki sa shi cikin leda.